Kamun Tsuntsun Ƙanƙara a Watan da Gusau ta Yi Shiru

A farkon watan Satumba na 2021 wayoyin Gusau suka mutu a hannun masu su. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ta umarci kamfanoni su rufe layukansu a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, da nufin raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. 'Yan kwanaki kafin nan an rufe makarantu, bayan da aka sace ɗalibai fiye da 70 a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun. An dakatar da kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mai buƙatar kiran waya sai ya ɗauki hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, kafin a yanke can ma. Wasiƙar hannu, wadda aka ɗauka an yi ban kwana da ita, ta dawo tashar mota.

A wani gida da ke Tudun Wada, mutum biyu suka wayi gari babu abin yi. Ɗaya malamin lissafi ne a makarantar sakandare, wanda aka rufe masa aji. Ɗayan kuwa ɗan ƙanwarsa ne mai shekara 11, wanda aka kawo daga wani ƙauye a yankin Tsafe tun farkon damina, bayan an kore shanun mahaifinsa a dare ɗaya, gonarsu ta nesa da gari kuma ta gagari zuwa. Yaron ba ya ƙiriniya, ba ya rigima, kuma wannan shi ne abin da ya dami kawunsa. Yakan zauna a zaure ya zuba wa ƙofa ido tun hantsi har azahar, alhali a gida an san shi da yawo: shi ne mai ɗana wa kurciya tarko, shi ne mai cika gwangwani da fara idan kaka ta yi.

A kwana na huɗu malamin ya buɗe tsohuwar akwatinsa ta ɗalibta yana neman wata takarda, sai ya ci karo da Game Boy Advance, na'urar wasa ta hannu da ya saya a gwanjo a Kano lokacin yana jami'a. Kaset ɗinta yana nan a maƙale: Pokémon FireRed. Ba ta neman intanet, ba ta jiran a kawo wuta; ƙananan batura biyu irin na agogon bango sun ishe ta kwanaki. Fuskarta ba ta da hasken kanta, don haka dole mai wasa ya zauna inda hasken rana yake. Ban da rediyo, ita kaɗai ce na'urar gidan da rufe layi bai shafa ba. Kaset ɗin ba ya riƙe tafiya fiye da ɗaya, saboda haka sai da malamin ya yarda a shafe duk abin da ya tara a zamanin samartaka kafin yaron ya soma tasa. Ya yi jim, sannan ya miƙa masa.

Wasan da aka yi wa yaran da suka rasa daji

Mutumin da ya ƙirƙiro Pokémon, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya kuma tashi a Machida, a gefen birnin Tokiyo na Japan, tun wurin yana da gonaki da tafkuna da ƙananan dazuzzuka. Sha'awarsa tun yana yaro ita ce kamun ƙwari, har abokansa suka yi masa laƙabi da likitan ƙwari. Yana girma birni ya cinye filayen, aka shimfiɗa kwalta inda tafkuna suke, ƙwarin suka ɓace. Wasan da kamfaninsa na Game Freak ya fitar ranar 27 ga Fabrairu 1996, tare da Nintendo, yunƙuri ne na mayar wa yaran birni wani abu daga cikin wannan jin daɗi: shiga ciyawa mai tsawo ba tare da sanin abin da zai fito ba, kamo shi, renonsa, da musayarsa da aboki. Asalin sunan yana nufin dodannin aljihu, kuma halittu 151 ne a fitowar farko. FireRed, wanda ya fito a 2004, sabunta wancan na farko ne.

A shekarar 1996 ɗin nan, ranar 1 ga Oktoba, aka yanke Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Jihar da wasan tsara ne. Bayan shekara 25 sai suka haɗu a tsakar gida ɗaya, a hannun yaron da shi ma ya rasa dajinsa. Bambancin shi ne, na Tajiri siminti ne ya rufe shi, na yaron kuwa yana nan da ciyawarsa da tsuntsayensa, sai dai masu bindiga sun riga kowa zama a ciki.

Yaron bai sha wahalar gane wasan ba. Turancin ne kawai kawunsa yake fassara masa. Sauran duk ya sani: cewa kowace dabba da inda take kwana, cewa mai son kamawa da rai ba ya duka da ƙarfi, cewa wanda ya yi gaggawa yakan koma gida da gwangwani wayam. Cikin mako biyu ya tara rundunarsa ta halittu shida, wadda ita ce iyakar abin da ake ɗauka a tafiya. Gwarzonsa shi ne Charizard, mai kama da ƙadangare mai fiffike yana fesa wuta, kuma ya yi imani babu abin da zai iya tsayawa a gabansa.

Hanyar zuwa wurin tsuntsun

Bahaushe yana da kalma ɗaya, ƙanƙara, ga abubuwan da mutanen ƙasashen sanyi suke rarrabewa. Yaron ya san ta a fuska biyu. Akwai wadda ake sayarwa a leda da azumi, wadda farashinta yake tashi da la'asar idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Akwai kuma wadda takan sauko da ruwan sama ta kakkarya dawa a gona. Ta farko kayan marmari ce da ba ta jure riƙo, ta biyu masifa ce da ba ta daɗewa. Dusar ƙanƙara kuwa sai a hoto. Da kawunsa ya ce masa akwai wani tsuntsu a cikin wasan wanda jikinsa da numfashinsa duk sanyi ne, guda ɗaya tal a duk duniyar kaset ɗin, sai yaron ya ajiye duk wata sabga ya nufi can.

Sunan tsuntsun Articuno, lamba ta 144 a jerin halittun. An haɗa sunan ne daga kalmar yankin ƙanƙara na arewacin duniya da kalmar ɗaya a harshen Sifaniyanci, domin su uku ne 'yan'uwa: Zapdos na lantarki shi ne na biyu, Moltres na wuta na uku. Yana zaune a can ƙarƙashin wani kogo a tsibiran Seafoam, kuma kafin a isa gare shi sai an tsallake ruwa mai igiya da yake kwashe mai wasa ya mayar da shi baya. Maganin igiyar shi ne a turo manyan duwatsu daga hawa na sama, a jefa su ta ramuka, su faɗa cikin ruwan su datse shi. Dutsen da aka tura kusurwa ya maƙale ba ya jawuwa baya. Sai an bar wurin an dawo an sake. Yaron ya kwashe yini guda a kan wannan, bai nemi taimako ba. Wanda ya taɓa tare ruwa a fadama ya san me ake nufi.

Da hoton tsuntsun ya bayyana, shuɗi, da doguwar jela, a tsaye shi kaɗai a kan dutse, yaron ya ce, "Kawu, ai wanga maiki ne."

Malamin ya yi dariya, amma maganar ta tuna masa da Kwatarkwashi, garin da ke gindin babban dutse a ƙasar Bunguɗu, a kan hanyar da ta haɗa Gusau da Tsafe. Tsofaffi suna ba da labarin bikin kamun maiki da aka daɗe ana yi a can a zamanin da, inda jarumtar saurayi take a hawan dutsen da saukowa da tsuntsun a hannu. An daɗe da barin bikin. Amma abin da yake ƙarƙashinsa bai baƙunci kowace al'umma ba: tsuntsu mai kwarjini a wuri mai wuyar zuwa, da matashin da yake so a san shi da kamo shi. Masu tsara wasan a Japan ba su san Kwatarkwashi ba, sun dai san zuciyar yaro.

Kafin yaron ya matsa kusa, kawunsa ya sa shi ya adana tafiyar. Bai gaya masa dalili ba.

Lissafin kamu

Karon farko bai ɗauki minti biyu ba. Yaron ya saki Charizard, ya fesa wuta sau ɗaya, ma'aunin ƙarfin tsuntsun ya zube fiye da rabi. Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara. Tsuntsun ya faɗi, dutsen ya zama wayam. A wannan kaset, idan Articuno ya faɗi ba ya sake bayyana har abada.

Malamin ya karɓi na'urar ya kashe ta, ya kunna, sai ga tsuntsun a tsaye inda yake kamar ba a taɓa shi ba. Yaron ya daɗe yana kallo. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago kai ba, "Da shanun Baba haka suke."

Kawun bai sami abin cewa ba. Ya ɗauko alli, ya durƙusa a kan simintin tsakar gida, ya yi abin da ya iya.

Kowace halitta a wasan tana da wata lamba ɓoyayya da take nuna sauƙin kamuwarta, daga 3 zuwa 255. Ƙananan tsuntsaye da ɓerayen bakin hanya suna da 255. Articuno yana da 3. Masu sha'awar wasan sun daɗe da kwance shirinsa suka fito da ƙa'idar a fili, malamin kuma ya haddace ta tun yana ɗalibi. Abubuwa uku ne suke taɓa lambar: irin ƙwallon da aka jefa, yawan ƙarfin da ya rage wa halittar, da halin da take ciki, ko a farke ko tana barci.

Idan aka jefa ƙwallo na gama-gari ga tsuntsun yana da cikakken ƙarfi kuma idonsa biyu, damar kamuwarsa kusan 4 ce cikin 1,000. Ƙwallo mai tsada, Ultra Ball, wanda ake saya a kan 1,200 na kuɗin wasan, yana ninka lambar sau biyu. Rage masa ƙarfi yana ƙara ta. Sa shi barci yana sake ninka ta sau biyu. Idan an haɗa duka ukun, damar takan haura 4 cikin 100 da kaɗan. Ma'ana, duk dabara da shiri da haƙurin mai wasa ba su wuce su ninka damarsa sau goma ba. Abin da ya saura ba a hannunsa yake ba.

Akwai wani sirri a cikin ƙa'idar wanda ya fi burge malamin. Na'urar ba ta riƙe gutsuren lamba. Duk abin da ya biyo bayan ɗigo tana watsar da shi. Saboda haka, da zarar ƙarfin tsuntsun ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarin duka ba ya ƙara komai ga mai jefa Ultra Ball. Tsuntsun da ma'auninsa ya koma ja, da wanda saura masa numfashi ɗaya, damarsu ɗaya ce. Wanda ya ce bari ya ƙara ɗan taɓawa ya ɗauki kasadar rasa komai a kan ribar da babu ita.

Yaron ya fahimci wannan nan take. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne na gaba. Bayan ya jefa ƙwallo goma sha biyu duk tsuntsun yana fasowa, sai ya ce, "Kawu, wanga karo kam dole ya shiga, ai ya gaji."

"Ƙwallon ba ya tuna na baya," in ji malamin. "Na goma sha uku da na farko duk ɗaya ne a wurinsa."

Wannan shi ne darasin da ya sha koyarwa a aji da kwabo da ɗan lido, ɗalibai suna rubutawa su ci jarrabawa ba tare da sun yarda da shi a zuci ba. Manya ma ba su tsira ba: shi ne ruɗin da yake riƙe da mai cacar ƙwallon ƙafa a shagon bakin titi, yana ganin tunda ya faɗi sau bakwai, na takwas nasa ne. Ga abin da lissafi ya ce a kan tsuntsun. Cikin mutum uku da kowannensu ya jefa ƙwallo 25 a mafi kyawun yanayi, kusan ɗaya zai tashi hannu rabbana. Cikin goma da suka jefa 50, har yanzu akwai ɗaya da bai samu ba, kuma babu laifin da ya yi. Hatta girgizar da ƙwallon yake yi a ƙasa tana da nata lissafi: na'urar tana yin ƙuri'a har sau huɗu a jere, kowacce damarta ba ta kai rabi ba, kuma sai an haye duka huɗun. Shi ya sa ƙwallo yakan girgiza sau uku, zuciya ta tsaya, sannan ya fashe.

Kuma akwai agogo a kan mai jira. Tsuntsun yana da salon faɗa huɗu, kowanne da iyakar sau nawa zai yi amfani da shi, jimillarsu 75. Ɗaya ne kawai mai cutarwa, harbin ƙanƙara, wanda yake da guda 10. Idan duk suka ƙare, sai ya koma kokawar ƙarshe wadda take cin jikin mai yin ta, tsuntsun da aka riga aka raunana kuwa zai kashe kansa da kansa. Barci ne yake tsayar da wannan agogo, domin mai barci ba ya kashe komai. Don haka gwarzon wannan yaƙi ba Charizard ba ne. Wani ɗan ƙaramin mai kama da kwaɗo ne, Poliwhirl, wanda yaron ya kusa watsarwa: halittar ruwa ce, sanyi ba ya yi mata illa sosai, kuma ta iya sa barci, ko da yake sau shida cikin goma take dacewa.

Akwai hanyar gajarta duk wannan. Wasan yana ba da ƙwallo guda ɗaya tal, Master Ball, wanda ba ya kuskure, kuma yana cikin jakar yaron. Kawunsa ya tuna masa. Yaron ya girgiza kai ya ce wannan ai kamar sayen kurciya ne a kasuwa a ce an kamo ta.

Sun kashe na'urar sun kunna sau uku cikin kwana biyu, baturan farko suka ƙare. A rana ta biyu, gab da magariba, hasken da ake ganin fuskar na'urar da shi yana ƙarewa, ƙwallon ya girgiza sau uku ya tsaya cak. Yaron bai yi ihu ba. Ya ajiye na'urar a kan tabarma da hannu biyu, kamar mai tsoron kada abin da ke ciki ya farka.

Gaba da gabanta

Samu daban, amfani daban. Faɗa a wannan wasa yana tafiya ne a kan jadawalin jinsi: 17 ne a zamanin FireRed, suka zama 18 a 2013. Kowane jinsi yana da waɗanda yake rinjaya da masu rinjayarsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Babu wanda ya fi kowa.

Ƙanƙara tana da matsayi na ban mamaki a jadawalin. Wajen kai hari tana cikin na gaba-gaba: tana ninka illa a kan ciyawa, da ƙasa, da masu tashi sama, da jinsin manyan macizan almara waɗanda kusan komai yake shakka. Wajen kare kai kuwa babu wanda ya kai ta rauni. Wuta tana narka ta, dutse da ƙarfe da 'yan dambe suna farfasa ta, kuma babu harin da take iya ragewa sai na 'yar'uwarta ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa ɗauko ƙanƙarar buɗa-baki daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada a kan babur ya san wannan ɗabi'a.

Articuno ya gaji raunin har da ƙari. An gina jikinsa don juriya, lambobinsa na kariya sun fi na hari, amma kasancewarsa ƙanƙara kuma tsuntsu ya sa jifan dutse yana yi masa illa ninki huɗu: biyu saboda ƙanƙara, biyu saboda fiffike. Duk yaron da ya taɓa riƙe danƙo ya san dutse da tsuntsu ba sa ga maciji.

Yaron bai saurari wannan bayani ba. Ya ga ya sha wahala, ya ɗauka wahalar ta sayo masa abin da ba a kayarwa. Ya sa tsuntsun a gaban runduna ya nufi manyan gwanaye huɗu na ƙarshen wasan. Na huɗunsu, Lance, shi ne mai riƙe da macizan almara, kuma a kansa ne ƙanƙara take cin kasuwarta. Biyu daga cikinsu suka zube a gaban harbin sanyi. Sai ga Aerodactyl, halittar dutse mai fiffike, wadda ta fi Articuno sauri nesa ba kusa ba. Jifa ɗaya ta yi. Tsuntsun da aka kwana biyu ana lallaɓawa ya faɗi kafin ya buɗe baki, Dragonite kuma, babban makamin Lance, ya share ragowar rundunar.

"Ashe rago ne," in ji yaron, idonsa ya kawo ruwa.

"Ba rago ba ne, ɗana. Kai ne ka tura shi aikin da ba nasa ba."

Suka koma kan siminti da alli. Dragonite maciji ne kuma mai tashi, don haka ƙanƙara tana cinsa ninki huɗu, kamar yadda dutse yake cin Articuno. Ƙarfin harbin ƙanƙara 95 ne. Idan halittar ƙanƙara ce ta yi shi, ana ƙara masa rabinsa. A ninka sau huɗu, ya zama 570. Babu wani makami a jakar yaron da ya kusanci wannan a kan wannan abokin gaba. Aikin tsuntsun ke nan, kuma domin ya yi shi dole a ɓoye shi daga mai jifan dutse. A karo na biyu yaron ya janye shi da ganin Aerodactyl, ya tura halittar ruwa ta gama da shi, sannan ya dawo da tsuntsun a gaban Dragonite. Harbi biyu suka wadatar.

Malamin ya lura cewa wannan nasara ta fi kamun faranta wa yaron rai. A kamun, rabo ne ya yanke hukunci bayan ya gama nasa. A nan kuwa shawararsa ce ta yi aiki: ya san ƙarfin abin da yake riƙe da shi, ya san lagonsa, ya kuma haƙura da nuna shi a inda ba a buƙatarsa.

Rashin uwa

Mai karatu yana iya tambaya ko ba ɓata lokaci ba ne duk wannan, kuma tambayar tana da hujja. Matar malamin ta yi ta, ganin babba da yaro sun duƙufa a kan abu kamar tafin hannu alhali mudun masara yana tashi kullum. Wasa ba ya dawo da sa ko ɗaya. Amma yaron da ya yi wata uku yana kallon ƙofa ya koma yin gardama, yana tambayar ma'anar kalmomin Turanci, yana ninka lambobi a ka don ya san ko harinsa zai wadatar. Abin da daji yake koya wa ɗan ƙauye, wato lura, da jira, da sanin halin dabba, da kame hannu, wani yanki nasa yana cikin kaset ɗin, domin wanda ya yi shi daga daji ya ɗebo.

Wani yankin kuwa ba ya ciki. A wasan babu ƙaya, babu ƙishirwa, babu tsofaffin da za su nuna wa yaro sawun zomo, babu abokan da za a raba gasasshiyar fara da su. Kuma akwai makunnin da ake kashewa a kunna a dawo da abin da ya faɗi, wanda yaron ya riga ya san babu irinsa a waje. Rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki.

Abin lura shi ne, kamfanonin wasan da kansu sun yi ƙoƙarin mayar da yara waje. Pokémon GO, wanda Niantic ya fitar a watan Yuli na 2016, yana ɗora halittun a kan taswirar garin mai wasa, sai ya taka da ƙafarsa ya same su. A watan Yuli na 2017 aka saki Articuno a cikinsa, kuma a wancan lokacin ba ya kayuwa sai mutane da dama sun taru a wuri ɗaya. Daga ƙarshen wannan shekara wasan ya soma bin yanayin sararin samaniya na gaske, inda halittun ƙanƙara suke ƙara yawa da ƙarfi idan dusar ƙanƙara tana sauka, abin da sararin Gusau ba zai taɓa bayarwa ba. Sabon wasan yana neman abubuwa uku: layin waya, 'yancin yawo, da taron jama'a a fili. A watan Satumba na 2021 Zamfara ba ta da na farko, sauran biyun kuma sun zama abin taka-tsantsan. Tsohuwar na'urar gwanjo, wadda ba ta san inda mai riƙe da ita yake ba, ita ce ta yi rana.

Ranar 1 ga Oktoba aka dawo da layin waya a cikin Gusau, ƙauyuka kuwa suka ci gaba da zama shiru. Don haka da yaron ya so ya ba mahaifiyarsa labari, sai da takarda. Ya rubuta da hannunsa, kawunsa bai gyara masa komai ba, aka ba wani direban hanyar Tsafe. Bayan gaisuwa da tambayar ƙannensa, ya rubuta cewa ya kama wani babban tsuntsu da kansa, ya kwana biyu yana fama da shi, kuma bai kashe shi ba.

Bayan kwana biyar direban ya tsaya a ƙofar gida da ƙullin gero sabon yanka da saƙon baki. Ya ce ta ce a gaida Yaya, a yi masa godiya, amma don girman Allah ya daina barin yaron nan yana shiga daji.